Ɗigon Tsatsa a Bakin Alƙali

Kailani maƙeri ne ɗan maƙeri, kuma da duniya ta tsaya yadda ya same ta, da a cikin birnin Zazzau zai tsufa yana ƙera garma da lauje kamar ubansa. To, duniya ba ta tsaya ba. Jirgin ƙasa ya iso, ya zubo ƙarfen Turawa da kayan da aka riga aka ƙera, kasuwar maƙeran birni ta fara sanyi. Kailani ya naɗe zuga-zugansa, ya sa matarsa Rakiya a gaba, suka fito ta Ƙofar Doka suka kafa gida a Tudun Wada, inda masu neman aikin Nasara ke taruwa. Ya sami aiki a gidan injin gurzar auduga da ke kusa da tasha. Shekara shida yana can a wata rumfar kwano ta bayan gida, yana ƙera ƙugiyoyi, yana miƙe ƙarafan ɗaurin dilar auduga, ba wanda ya taɓa mayar masa da aiki a ce a sake.

Amma akwai ɗakin da bai taɓa shiga ba sai da sallama, ɗakin makanike. Can ne ake kwance inji a duba abin da ya ci, a gyara, a mayar. Mai wannan ɗaki shi ne George, wanda ma'aikata ke kira Malam Joji. Ɗan ƙasar Zazzau ne, Kirista, ya yi makarantar mishan, aka tura shi Ikko ya koyo aikin inji. A haife Kailani ya kusa haifarsa, saboda haka Baba yake ce masa, ko da yake a wurin aiki shi ne gaba.

A farkon daminar wannan shekara labari ya zo cewa za a ɗauke Joji a kai shi wani sabon inji da aka kafa a ƙasar Katsina, da zarar kaka ta yi. Dole a sami wanda zai riƙe ɗakin. Baturen injiniya, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Lofe don ba a ganin bakinsa ba lofen taba, ya ce a kirawo wani daga Ikko. Joji ya ce a'a, ga mutum nan a rumfar baya wanda ya san ƙarfe fiye da duk wanda jirgi zai kawo. Mai Lofe ya yi dariya, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ko dai wani abu mai kama da haka da harshensu. Amma ya yarda a gwada. Ya ba Joji damina guda ya koyar, a ƙarshenta shi da kansa zai jarraba maƙerin. In ya ci, ɗaki nasa ne.

Ranar da Joji ya gaya masa, Kailani bai ce komai ba sai "Allah ya sa mu dace." Amma ya so abin nan har cikin ransa. Bai gaya wa kowa ba, amma tun ranar da ya bar birni 'yan'uwansa maƙera ke cewa ya sayar da gadon gidansu ya koma lebura. Yana so wata rana ya shiga ta Ƙofar Doka a ce ga makaniken inji nan, Bahaushe, ɗan maƙera.

Kwance inji da ɗaurawa bai ba shi wuya ba, hannunsa ya riga ya san hanya. Lambobin Nasara ma ya haddace su cikin mako uku, Joji na zana masa da gawayi a jikin bango. Inda gizo ke saƙar shi ne wani ɗan ma'auni da Joji ke ajiyewa cikin akwatin katako mai shimfiɗar ƙyalle. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Kansa a lanƙwashe yake kamar lauje, ga mariƙi mai juyawa da aka yi wa zane-zane ƙanana da lambobi. A cikin lanƙwasar akwai baki mai fuska biyu, ɗaya a kafe, ɗaya tana matsowa in an murɗa mariƙin. Sai a sa ƙarfe a tsakaninsu, a murɗa har su taɓa shi, a karanta kaurinsa a jikin zanen. Joji yakan kira shi maikuromita. Ma'aikata suka gwada sunan, harshe ya ƙi, sai suka sa masa alƙali, tunda in ya yi magana gardama ta ƙare.

Ba na kamfani ba ne, na Joji ne na kansa. Tsohon da ya koya masa aiki a Ikko ne ya ba shi ranar da ya yaye shi, kuma tsohon ya rasu tun bara waccan. A duk gidan injin guda biyu ne kacal, wannan da na Mai Lofe.

Ranar farko da aka damƙa wa Kailani shi, ya sa ƙusa a bakin, ya murɗa da hannun da ya saba murɗa ƙarfe mai zafi. Joji ya yi tsalle kamar an taka masa ƙafa.

"Baba! Ba wuyan ɓarawo ka kama ba. Sassauta, don Allah."

"To, in ban matse ba yaya zai kama?"

"Ba kamawa ake so ba, taɓawa ake so. Ka ga wannan ɗan kan da ke can ƙarshen mariƙi? Da shi za ka ƙarasa. In fuskar ta taɓa ƙarfen zai yi ƙara, ƙas, ƙas, ƙas. Sau uku, ka tsaya. Abin da ya wuce nan zalunci ne, kuma alƙalin da aka matsa wa ƙarya zai faɗa."

Kailani ya dubi yatsunsa, masu kanta kamar bayan kunkuru, ya ce shekara talatin yana koya musu ƙarfi, yanzu kuma an ce su koyi kunya. Joji ya nemi gashi ɗaya daga gemunsa. Kailani ya tsige, ya miƙa, yana gunaguni. Aka sa a bakin alƙali, ya yi ƙararsa uku, Joji ya nuna masa zanen. Layi uku. Kowane layi, in ji shi, kashi ɗaya ne cikin dubu na inci. Kailani ya daɗe yana kallon gashin nan. Shi da yake auna ƙarfe da ido da babban yatsa, kuma ake yabonsa a kan haka, yau ga wani ɗan abu ya raba silin gemunsa gida uku.

Daga ranar ya kamu da son abin, irin son da dattijo ke yi wa jika. Ya riƙe duk dokokin da aka ba shi. Kafin awo a ja farar takarda tsakanin fuskokin, ta kwashe ƙura. Sannan a rufe bakin ba komai a ciki, a duba ko sifiri ya tsaya daidai kan layi, don alƙalin da bai san babu ba, ba zai san akwai ba. Kada a daɗe ana runtse shi a tafin hannu, zafin jiki ma yana buɗa ƙarfe. In an gama a goge gumi, a ɗiga masa mai ɗigo ɗaya, a bar bakin a ɗan buɗe, a kwantar da shi a akwati.

Wata rana Joji ya nuna masa fuskar da ba ta motsi, ya ce, "Baba, ka san sunan da Turawa suka sa wa wannan gefen? Da harshensu, uwar maƙera suke ce mata."

Kailani ya yi dariya har ya dafa bango. "Ashe ɗan gidanmu ne! Shi ya sa jinina ya haɗu da nasa."

Joji ya ji daɗin ganin farin cikin dattijon. Da ya san abin da kalmar nan za ta haifar, da ya haɗiye ta.

Damina ta ja baya, auduga ta fara fashewa a gonaki. Mai Lofe ya sa ranar Litinin don jarrabawar. Ranar Asabar da aka tashi aiki da azahar, Joji ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya ɗauko akwatin, ya sa a hannun Kailani.

"Tafi da shi gida, Baba. Ka auna duk abin da ka gani har hannunka ya daina tunani. Litinin da safe ka zo mini da shi."

Kailani ya karɓa da hannu biyu. Ya sa cikin aljihun ƙirji, ya bi hanyar Tudun Wada yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Yinin nan ba abin da ya tsira a gidan. Ya auna allurar Rakiya, ya auna zobenta, ya auna bakin wuƙa da tsinken tsintsiya da ƙwayar dawa. Rakiya ta ce in ya gama ya auna mata haƙurinta, ta ji ko saura nawa. Ana cikin haka, bayan la'asar, hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, irin ruwan bankwana. Iskar ta ɗaga jinkar rumfar awaki, Rakiya ta ƙwala kira. Kailani ya murɗa bakin alƙalin ya rufe ruf, da yatsu masu gumi, ya jefa shi a akwati, ya ruga waje. Suka yi ta fama da jinka da igiya cikin ruwa har magariba. Akwatin ya kwana a kan taga, inda feshi ke shigowa.

Da hantsi ranar Lahadi ya buɗe. Ya murɗa mariƙin, bakin ya rabu. A tsakiyar fuskar da ba ta motsi akwai ɗigo ja-ja, bai fi kashin ƙuda ba. Tsatsa.

Ya ja takarda, ɗigon yana nan. Ya goga da ƙyalle da mai, ya ɗan dushe, amma yana nan yana kallonsa.

Yanzu fa sai an san gidan da Kailani ya fito kafin a yanke masa hukunci. A gidansu, in ka ari fartanya, da kaifi kake mayar da ita, ko da dakusasshiya aka ba ka. In aka aiko maka da abinci a kwano, ba ka mayar da kwanon haka nan wayam. Ubansa ya taɓa hana shi tuwo don ya mayar da gatarin maƙwabci da laka a jiki. Mutumin da aka yi wa wannan tarbiyya, a ce ya mayar da kayan aro da lahanin da shi ya jawo, kuma ga mutumin da ya fifita shi a gaban Bature? Gara a ce ya fita kasuwa ba wando.

Rakiya ta leƙo ta kafaɗarsa. "Malam, wannan ɗan abin ne ya sa ka zufa? Ka kai masa haka mana, ka gaya masa ruwa ne."

"In kai masa da tsatsa? Ni?"

"To, ga toka da tsamiya, yanzu na gama wanke tasoshi."

"Wannan ba tasar mata ba ce," in ji shi. "Uwar maƙera ce, shi da bakinsa ya faɗa. Kuma uwar maƙera in ta yi tsatsa mun san maganinta tun kakanni."

Ya shiga ɗaki ya kwance wani tsohon tsumma, ya fito da dutsen washin ubansa. Ɗan siriri ne, bai kai kaurin yatsa ba, baƙi, mai santsi, wanda ba a taɓa ɗora masa komai ba sai askar wanzamai. A duk abin da Kailani ya mallaka ba abin da ya fi daraja a wurinsa. Shi ya sa ya zaɓe shi. Ya buɗe bakin alƙalin iya buɗewa, ya ɗiga mai, ya yi bisimilla, ya zura dutsen.

Ba za a ce Joji ya yi sakaci ba. Ya hana matsewa, ya hana gumi, ya hana ƙura, ya hana faɗuwa. Bai hana dutse ba, don bai taɓa zuwa masa a rai ba. Wa zai tuna ya ce wa mutum kada ya wanke takarda da ruwa?

Ɗigon ya tafi nan da nan. Amma inda dutsen ya bi ya fi sauran wurin haske, sai Kailani ya bi sauran don su daidaita. Da fuskar ta ɗauki ƙyalli, sai 'yar'uwarta mai motsi ta zama kamar ba a wanke ta ba. Ita ma ya bi ta. Ya yi aikin da natsuwa da ƙauna, yana jujjuya dutsen yadda ake yi wa aska, har rana ta take tsaka. Da ya gama, fuskokin biyu suna walƙiya, ko ranar da aka ƙera su ba su kai haka ba. Ya nuna wa Rakiya, ta ce tubarkalla.

Sannan ya ja takarda, ya rufe bakin don ya duba sifiri, kamar yadda aka koya masa. Ƙas, ƙas, ƙas.

Sifiri bai tsaya kan layi ba. Ya wuce da layi biyu.

Ya buɗe, ya sake rufewa. Layi biyu. Ya goge idonsa, ya sake. Sai ya ɗaga abin sama ya saita shi da hasken ƙofa. Da can in bakin ya rufe, ko iska ba ta wucewa. Yanzu tsakiya ce kawai ta haɗu, ta gefe-gefe kuwa ga wani siririn haske yana ratsowa. Ya cinye ƙarfen, kuma bai ci shi daidai ba. Garin neman gira ya rasa ido.

Ya zauna a bakin ƙofa da abin a hannu, bai motsa ba har aka kira azahar. Rakiya ta ajiye masa abinci, ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma ya gode mata a zuci. Da ya yi salla, ya sa akwatin a aljihu ɗaya, dutsen a ɗayan, ya nufi gidan Joji a can ƙarshen unguwa.

Ya tarar da shi ya dawo daga coci, yana zaune a gindin mangwaro da farar rigarsa. Suka gaisa. Kailani ya ƙi kujerar da aka miƙo masa, ya tsuguna a ƙasa, abin da bai taɓa yi a gaban yaron nan ba. Ya buɗe akwatin, ya ajiye dutsen kusa da shi, ya faɗi abin da ya faru tun daga hadari har zuwa layi biyu, bai rage komai ba.

Joji ya ɗauki alƙalin. Ya rufe bakin, ya ɗaga shi sama ya duba ta hasken da ke ratso ganye. Ya daɗe a haka.

"Da dutse, Baba?"

"Da dutse."

"Tsatsar da ka gani, da ka bar ta, ba abin da za ta hana. Mai da takarda za su cinye ta cikin mako." Muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara ashirin yana hannun maigidana bai yi ƙarya ba. Shekara bakwai a hannuna."

"Na so in mayar maka da shi fiye da yadda ka ba ni."

"Na sani," in ji Joji. "Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da a ce da gangan ka yi, da na san abin da zan ce maka."

Ya ciro wani ɗan mabuɗi daga ƙasan akwatin, ya juya hannun ma'aunin kaɗan har sifiri ya koma kan layi. Kailani ya ɗago kai da sauri, amma Joji ya girgiza nasa. Ya ce sifiri ana mayar da shi, fuskar da ta yi doro kuwa ba mai daidaita ta a ƙasar nan. In ƙarfe ya zauna a tsakiya ta faɗi magana ɗaya, in ya goce gefe ta faɗi wata. Ya rufe akwatin a hankali.

"Gobe kada ka ce komai, Baba. Ka bar ni da Bature. Kai dai ka yi awonka."

Ranar Litinin da safe aka kira Kailani ɗakin makanike. Mai Lofe na tsaye a bakin teburin aiki, ga ƙananan sandunan ƙarfe uku da aka ciro daga cikin inji an jera. Ɗaya daga cikinsu ya ci, ido ba zai gane ba. Aikin Kailani ya faɗi wanne ne, da kuma yawan abin da ya ci. Joji ya tsaya a tsakani, shi ne tafinta, don Baturen bai iya Hausa ba sai ta zagi da ta gaisuwa.

Joji ya buɗe akwatinsa. Kafin Kailani ya miƙa hannu, Mai Lofe ya riga shi ɗauka, don dai al'adar mai sana'a ce ya duba kayan awo kafin a yi awo. Ya juya shi sau ɗaya, ƙyallin ya daki idonsa. Ya cire lofen daga baki. Ya rufe bakin alƙalin, ya ɗaga shi wajen taga.

Abin da ya biyo baya da Turanci aka yi shi, Kailani bai tsinci ko kalma ba. Amma ba sai an iya harshe ake gane faɗa ba. Wuyan Baturen ya yi ja, yana nuna fuskokin da bakin lofe, yana tambaya iri ɗaya sau biyu, sau uku. Joji ya sunkuyar da kai, ya yi magana a hankali, sannan ya ɗora hannu a ƙirjinsa. Mai Lofe ya dube shi sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa malamin da aka kama bai iya alwala ba. Ya sake tambaya. Joji ya sake dafa ƙirji.

Nan Kailani ya gane. Yaron nan yana cewa shi ya yi. Makaniken da ya yi shekara shida a Ikko, wanda za a ba sabon inji guda ya riƙe, yana gaya wa Bature cewa shi ne ya goga ma'auninsa da dutse kamar baƙauye.

"Malam Joji," in ji Kailani, "gaya masa ni ne."

Joji bai juyo ba. Ya ce da Hausa, ta gefen baki, "Baba, yi shiru. An kusa gamawa."

"Ka gaya masa."

Mai Lofe ya tambayi abin da dattijon ke cewa. Joji ya amsa da wata gajeriyar magana, Baturen ya kaɗa kai ya juya. Ko me ya faɗa, ba saƙon da aka ba shi ba ne. Kailani ya ga ƙofar a buɗe take. In ya yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, za a ba shi sanduna ya auna, kuma ya san zai ci. Ya ji son ɗakin nan ya taso masa har wuya, da teburinsa da tagarsa da warin mansa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya sa hannu a aljihu, ya ciro dutsen washin ubansa, ya ajiye shi a kan tebur kusa da akwatin. Ya nuna dutsen, ya nuna bakin alƙalin, ya buga ƙirjinsa da tafin hannu har ya yi ƙara.

Wannan ba ya bukatar tafinta. Mai Lofe ya ɗauki dutsen, ya shafa shi da babban yatsa, ya ga baƙin man da ke jikinsa. Ya dubi Kailani, ya dubi Joji, wanda ya rufe ido. Sai Baturen ya fita, ya dawo da nasa akwatin, ya buɗe, ya tura gaban Kailani.

Kailani ya goge hannunsa a riga. Ya ja takarda, ya rufe bakin, ya ga sifiri a kan layi. Ya ɗauki sanda na farko, ya auna kai da tsakiya da gindi. Ƙas, ƙas, ƙas. Ɗari bakwai da hamsin, duk wuri uku. Na biyu ma haka. Na uku ya ba da ɗari bakwai da hamsin a kai, amma a tsakiya ɗari bakwai da arba'in da shida. Ya ce wannan ne, ya ci layi huɗu. Ya goge ma'aunin, ya bar bakin a ɗan buɗe, ya kwantar da shi.

Mai Lofe ya sake awon da kansa. Ya duba wata takarda a aljihunsa, ya gyaɗa kai. Ya yi magana mai ɗan tsawo, ba da faɗa ba, sannan ya yi wa Joji alama ya fassara. Joji ya juyo wajen Kailani.

"Ya ce awonka daidai ne, Baba, duka uku. Ya ce hannunka ya fi na wasu da ya sani a ƙasarsu. Ya ce kuma kai mutum ne mai gaskiya, ya gani. Amma ya ce ɗakin nan cike yake da abubuwan da ba a taɓa gaya maka kada ka yi musu kaza ba, kuma shi ba zai iya tuna su duka ya gaya maka ba. Ba zai bar maka mabuɗi ba. Zai aika Ikko."

Kailani ya ce, "Gaya masa na gode. Bai zalunce ni ba." Ya ɗauki dutsensa ya mayar aljihu, ya fita.

Ya koma rumfarsa ta baya. Gawayi ya mutu tun safe, Muntaka leburan da ke yi masa zuga kuma an ja shi wajen sauke buhuna. Ya tsuguna ya tona toka ya sami sauran garwashi, ya tara gawayi a kai. Akwai ƙugiyoyi goma sha biyu da ake jira. Idonsa yana yi masa yaji, ya ɗora laifin a kan hayaƙi.

Ya ji takun takalmi a bayansa. Joji ne, ya tsaya a bakin rumfar da farin wandonsa na aiki.

"Me ya sa, Baba? Zagi kawai zai yi mini ya wuce. Ni tafiya zan yi, nan da wata biyu ya manta. Kai kuwa damina guda ka zubar."

Kailani bai ɗago ba, yana gyara gawayi da awartaki. "Na ɓata maka abin da maigidanka ya bar maka. Wannan ba ni da yadda zan yi in gyara, har in mutu. To, sai kuma in zauna a ɗakinka, a kan kujerarka, ina ci da sunanka da na bari ka ɓata saboda ni? Wane irin tuwo zan kai wa Rakiya da wannan?"

Joji ya daɗe a tsaye yana kallon bayan dattijon, da wutar da ta ƙi kamawa. Can sai ya shigo cikin rumfar, ya naɗe hannun rigarsa, ya zauna dirshan a cikin toka da farin wandon nan, ya jawo zuga-zugan fatar akuya ya sa hannu. Bai iya ba. Iskar tana fita a karkace, tana tayar da toka tana watsa musu a fuska.

"Ba haka ba," in ji Kailani. "Ɗaya na sauka, ɗaya na tashi. Kada ka danne da ƙarfi."

Joji ya sake gwadawa, a hankali. Garwashin ya yi ja, gawayin ya fara kamawa. Kailani ya ɗauki ƙarfen ƙugiya ta farko ya tura cikin wuta.